Man Ciwon Goggo

Ranar da aka kai Goggo makwancinta, ni dai tabo na yini ina kallo. Mace za ta shigo, ta sami gefen tabarma, ta ce mana ya haƙuri, mu amsa, a yi addu'a a shafa. Can sai ka ga ta naɗe hannun riga, ko ta ɗan ɗage zani. Wannan ta ce nan ne man suya ya fallatso mata tana amarya. Waccan ta ce nan ne kwanon rufi ya yanke ta. Wata tsohuwa daga bayan masallaci har tafin ƙafarta ta juyo mana, ta ce mu duba da kyau, da ba don Allah ya kawo ta gidan nan ba da tuni da sanda take tafiya. A soro ma, in ji babanmu, haka aka yi. Wani dattijo mai kiwon tattabaru ya riƙa lissafo tsuntsayensa da marigayiya ta yi wa magani, har sai da liman ya ce a yi salati.

Wannan maganar da ƙarfi aka yi ta. Akwai kuma wadda aka yi ƙasa-ƙasa a bayan mayafi, ni kuwa kunnena ba ya barci.

"Wai ba 'yarta ce nas ba?"

"Babba ma kuwa."

"Kuma ƙafa ta ruɓe a ɗaki ba ta sani ba?"

"Ke dai bari. Ga ta can, ko ɗigon hawaye."

Adda suke nufi. Tana zaune a bakin ɗakin girki tana zuba wa baƙi ruwa, kuma na san ta ji, don ta ɗan dakata da butar kafin ta ci gaba. Ban tanka musu ba, gidan makoki ne. Amma raina ya ɓaci, har yau ma bai gama hucewa ba, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Wanda bai san abin da ke tsakanin Goggo da Adda ba, bai kamata ya yanke musu hukunci daga kan tabarmar gaisuwa ba.

Goggo yayar babanmu ce. Ita ta riƙe ni tun daga yaye har aure, a gidanmu na Madabo, can ƙuryar lungu inda mai babur ma sai ya sauka ya tura. Adda 'yarta ce ta fari. Bayan ita ta haifi maza biyu, duk suka koma tun suna goye, mijinta ma bai daɗe ba ya bi su. Ka ga ke nan Adda kaɗai ta rage mata a duniya, kuma ita ce mutum ɗaya da ba ta yarda su haɗa ido ba.

Mu asalinmu masu shanu ne. Shanun sun ƙare tun kafin a haifi babanmu, Fulatancin ma ya bi su, sai 'yan kalmomin da muke kiran juna da su, irin su Adda, wato yaya. Abin da ya rage shi ne son nono da kunya, kunyar kuwa Goggo ce ta gaje ta gaba ɗaya. Kowa a birni ya san kunyar ɗan fari, amma yawanci a suna ake tsayawa. Ita ba ta tsaya nan ba. Ba ta faɗin sunan Adda, ba ta zama tabarma ɗaya da ita, ba ta cin abinci a gabanta, ba ta miƙa mata abu hannu da hannu. Da aka yaye ta, kakarta ta wajen uba ta ɗauke ta zuwa Gwammaja, can ta girma. Akwai maƙwabciyarmu mai suna irin na Adda, ita ma ta yi asarar sunanta a bakin Goggo ta koma Mai Ƙosai, alhali ta daɗe da daina suya.

To amma uwa dole ta san ko 'yarta tana lafiya, don haka Goggo ta sami 'yar aike. Gidanmu bai taɓa rabuwa da mage ba, kuma kowacce sunanta Auta. In wannan ta mutu, wadda ta gaje ta ma Auta ce. Ita ake yi wa duk abin da ba a yi wa 'yar fari: a ɗora ta a cinya, a sosa mata wuya, a zage ta, a ajiye mata kan kifi. In Adda ta zo gaisuwa ta durƙusa daga bakin ƙofa, sai Goggo ta dubi magen.

"Auta, tambayi mutanen Gwammaja ko sun ci abinci."

Adda kuma ni take kallo ta amsa. "Na ƙoshi."

Kullum ta ƙoshi. Ban taɓa ganin ta kai loma bakinta a ɗakin Goggo ba, ko ranar Sallah. Wata rana da na raka ta bakin titi na ce, Adda, me zai hana ki amsa ta inda aka tambaye ki, ai kamar wasa ne. Ta ce, "Ni ba na magana da mage. Ina da uwa, kuma tana da baki." Iyakar abin da take so ke nan, uwarta ta dube ta ta yi mata magana, ta bar ta ta yi mata abin da 'ya ke yi wa uwa. Shi ne kuma abin da Goggo ta kasa. Da Adda ta gama makarantar koyon jinya ta fara aiki, abin da ya canza suna ne kawai, ta tashi daga mutanen Gwammaja ta koma mutanen asibiti.

Man ciwon kuwa ban san lokacin da Goggo ta fara shi ba, na tashi na tarar. Man fanisilin ne na kemis, irin wanda ake matsowa kamar man goge baki. Daga baya da wasu iri suka fito ta riƙa sayen duk wanda mai kemis ya ce ya fi, amma a bakinta sunansa ɗaya, man ciwo. A wani tsohon gwangwanin alewa yake zama, tare da auduga da almakashi da ƙullin gishiri da tsummokaran farin yadi da take wankewa ta bi su da dutsen guga. Ta ce a gidan ubanta ta ga ana wanke wa saniya miki kafin mai ita ya karya kumallo. Ita ba ta da saniya, amma hannun yana nan.

Da hantsi ake zuwa. Ta fito da kujerarta 'yar tsugunno, ta sa a tafasa ruwa da gishiri a bar shi ya huce. "A wanke tukuna," ita ce farkon maganarta ga kowa. Wankin nan shi ake tsoro, don ba ta san lallashi ba, sai ta ga jan nama take dainawa. Sannan ta lakato man, ɗan mitsitsi, ta shafa. In mai ciwo ya ce a ƙara, ta ce, "Ba miya ba ce." Ta ɗaure, ta ce gobe a dawo, kada a jiƙa. Ko goro ba ta karɓa.

Layin kuma ɗaya ne, mutum da dabba. Na taɓa ganin wata Hajiya daga gidan 'yan kasuwar nan na bakin titi, ta sha gwala-gwalai, ta zo da ƙunar dutsen guga a hannu. Ta tarar ana wanke wa akuya wuya inda igiya ta ci. Ta tsaya, ta yi gyaran murya, ta ce tana sauri.

"Ta riga ki zuwa, Hajiya," in ji Goggo, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ga kujera nan."

Hajiya ta zauna. Ranar rasuwar ita ma ta zo, ita ma ta nuna mana hannun.

Dabba matsalarta ɗaya, lasa. Kana gama shafawa ta juya ta lashe abinta tas, ciwon bai samu ba, cikinta kuma ya ɓaci. Goggo ta yi dabara. Ta ɗauki tsohon faifai ta huda tsakiyarsa, ta tsaga gefe, ta zura wa Auta a wuya ta ɗinke. Magen ta riƙa yawo a tsakar gida kamar an rufe kwanon tuwo ya yi ƙafa, tana karo da randa, tana hararar kowa. Mu muna dariya har da riƙe ciki, Goggo kuwa fuskarta ba alamar wasa. Ta ce mu ji da shi, wanda bai taɓa ciwo ba shi ke dariyar mai jinya. Faifan nan ya daɗe a rataye jikin ƙusa, duk Autar da ta yo faɗa sai ta sa shi.

Faɗan Goggo da Adda na gaske sau ɗaya na gani, kuma a kan man nan ne. Adda ba ta daɗe da fara aiki ba, ta biyo daga asibiti da fararen kayanta a ƙarƙashin hijabi. Ta tarar Goggo ta matse wa Auta wani ƙurji a baya, ta dangwala bakin man a kan ciwon, ta shafe da yatsa. Ba ta tashi ba ta jawo wata yarinya da ta goge gwiwa, da wannan man, da wannan yatsan. Na ga Adda ta ajiye jakarta a ƙasa.

"Goggo, ba a haka. Bakin man nan ya taɓa ciwon mage. Cutar da ke jikinta kike kwasa kina sa wa 'yar mutane. Kuma an ce min har a ido kika sa wa wata, na ido daban yake."

Goggo ta dubi magen. "Auta, yau an zo koya mana aiki."

"Da ke nake magana, Goggo, ba da ita ba."

Goggo ta gama ɗaure gwiwar yarinyar, ta rufe gwangwaninta, ta shige ɗaki ta saki labule. Da babanmu ya ji, ya aika aka kira Adda ya yi mata faɗa, ya ce karatu ba ya cire kunya. Adda ta ce gaskiya ta faɗa. Ya ce ya sani, ba a gaskiyar matsalar take ba. Ta ɗauke ƙafa daga gidan har damina ta wuce.

Goggo ba ta taɓa cewa an fi ta gaskiya ba, ba halinta ba ne. Sai dai kafin mako ya zagayo na buɗe gwangwanin na ga mai biyu, ɗaya an ɗaura masa jan zare a wuya. Mai zaren na dabbobi, marar zaren na mutane. Ta daina lakata da yatsa, ta koma matsowa a kan auduga. Sabulu ya sami wurin zama kusa da kujerarta. Ido kuwa ta daina taɓa shi sam. Ta kuma fara korar wasu. Wanda kare ya ciza, wanda ya taka ƙusa, ciwon da ya yi zurfi, wanda ya zo da zazzaɓi, wanda aka yi ta shafawa bai motsa ba, sai ta duba ta mayar da tsumman ta ce, "Wannan na mutanen asibiti ne. Tashi yanzu, kada ka biya gida." Yadda take faɗin mutanen asibitin nan, kai ka ce asibitin gaba ɗaya ita ta haife shi. Na gaya wa Adda duk wannan. Ta ce to madalla, ta tambaye ni ko an ambace ta. Na ce an ambaci asibiti.

Da Adda ta zo haihuwar fari sai da aka yi mata aiki. Mata suka cika ɗakin da take kwance, dangin miji da namu, ban da Goggo. Ita tana waje, gindin wata darbejiya a bakin ƙofar asibitin, tun safe har la'asar ba ta ci komai ba. Duk wadda ta fito sai ta tare ta, ba ta cewa ya 'yata, sai dai ya mutanen ciki. Ta kira ni ta kwance bakin mayafinta, ta ba ni sabon man ciwo ko buɗe shi ba a yi ba, ta ce in kai, wurin ɗinki ba ya son sakaci. Na kai wa nas man ciwo a gadon asibiti. Adda ta yi dariya har ta dafe cikinta, sannan ta tambaye ni ina mai aiken. Na ce tana gindin bishiya tun safe.

"Da ta shigo ai ya fi min man," in ji ta, ta juya fuskarta.

Ni dai da na haifi nawa na fari, tun ranar suna na kira shi da sunansa, da ƙarfi ma. Goggo ta ce na zubar mana da mutunci, idona ya bushe kamar na 'yan zamani. Na ce na ji, na kuma ci gaba da kiransa. Na ga abin da kunyar nan take ci, ba zan ba ta nawa ba.

Ciwon suga ya sami Goggo da girma ya zo mata. Adda ce ta gano, ita ce kuma take sayen magani ta ba ni in miƙa. Ta sayo mata takalmi rufaffe, ta ce in ja mata kunne, mai suga ba ya wasa da ƙafa, ko ƙaya ce a nuna. Na isar da saƙo. Goggo ta ce wa Auta a gode wa mutanen asibiti, ta ajiye takalmin a ƙarƙashin gado ta ci gaba da yawo da silifas ɗinta. Lokacin na yi aure a Ƙofar Mazugal, sai ranar Juma'a nake zuwa.

Daga baya muka haɗa labarin yadda ƙafar Goggo ta lalace. Garwashi ta taka a bakin murhu, ba ta ma ji ba sai da ta ga fatar ta tashi. Ta wanke, ta shafa man ciwo, ta ɗaure, kamar yadda ta yi wa rabin unguwa. Ciwon bai motsa ba. Ta ƙara shafawa. Ta fara sa safa a tsakiyar bazara, ta ce sanyin siminti ne. Ta koma sallah a zaune, ta ce gwiwa ce. Turaren wuta ya yawaita a ɗakin har yana sa tari. Duk wanda ya tambaya akwai amsarsa, kuma Goggo ba wadda ake yi wa tambaya sau biyu ba ce.

Adda ce ta gane, wata Juma'a da muka haɗu a gidan. Ta durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum, aka tambayi Auta ko mutanen asibiti sun ci abinci, ta ce ta ƙoshi. Sai ta tsura wa magen ido. Auta ta je ta shinshina ƙafar Goggo ta hagu ta ja da baya, ta sake komawa, Goggo tana kore ta da mafici. Adda ta ɗaga kai ta shaƙi iskar ɗakin. Wanda ya yi shekaru a asibiti turare ba ya ɓoye masa wannan warin.

"Goggo, cire safar nan."

"Auta, ce wa mutane ƙaya ce, ta kusa warkewa."

Adda ta tsallaka dokin ƙofa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta durƙusa ta kai hannu. Goggo ta janye ƙafar ta rufe da zani. Na fita da gudu na kira babanmu daga soro. Ya zo ya tsaya, ya ce Yaya, don Allah ki bari a duba.

Ta ce masa, "A gaban 'yar fari zan buɗe jikina? Kai ma ka san ba a yi mana wannan tarbiyyar ba."

"To me ya hana ki zuwa wani asibitin?"

"A ce 'yarta tana aikin, ta tsallake ta ta tafi wurin bare? In sa a zage ta a gari?"

Ka ji fa. Ta sani sarai ciwon nan na mutanen asibiti ne, ita da ta kori mutane da wanda bai kai shi ba. Amma ta nan kunya, ta can kunya, sai ta zauna a tsakiya da man ciwonta. Na ji haushinta ranar nan ƙwarai, na kuma ji tausayinta, ban san wanne ya fi yawa ba.

Da ƙyar ta yarda ni in cire, da sharaɗin Adda ta fita. Adda ta koma bayan labule ta tsaya. Na warware tsumman a hankali, yana manne da man da aka yi ta lafta masa, wannan karon an sa shi kamar miya.

"Wane launi?" in ji Adda daga waje.

"Baƙi."

"Yatsun?"

"Biyu sun yi baƙi. Saman kuma ya kumbura, yana ruwa."

"Taɓa ƙwaurin. Da zafi?"

"Da zafi."

Sannan na ji ta ce wa babanmu, da muryarta ta wurin aiki, a nemo mota ta tsaya a bakin lungu, a samo masu ɗaukar ta a kujera.

Likitoci suka cire yatsun, suka sa mata ƙarin ruwa da allurai. Daga baya suka ce cutar ta riga ta shiga jini, sai dai a yi ta ƙoƙari. Asibitin da Adda take aiki ne, amma ba ɓangarenta ba. Ni na zauna jinya. Ba mage a asibiti, don haka na gaji aikin Auta, duk abin da za a gaya wa mutanen asibiti ta bakina yake bi. Kowace safiya ana wankin ciwo, Adda ta roƙa a bar mata, Goggo ta ce in ce a'a. Sai ta tsaya a baranda har a gama.

Wata safiya nas biyu suka shigo da tiren kayan wanki, kowacce da takunkumi a fuska da hula da safar hannu. Ɗaya ta tsaya daga gefe. Ɗayar ta jawo kujera ta zauna a ƙarshen gado, ba ta yi sallama da murya ba. Ni ko daga tafiyarta na gane ta, balle wadda ta haife ta. Na zuba ido in ga abin da zai faru. Goggo ta dube ta sau ɗaya, ta juya fuskarta bango. Can sai ta miƙo ƙafar.

An daɗe ana wankin nan. Da aka naɗe bandeji aka kwashe kaya, Goggo ta kira ni, fuskarta na bango har lokacin.

"Wannan ta yau hannunta ba nauyi. Ki ce mata ta riƙa zuwa."

Na juya na ce, "An ce ki riƙa zuwa."

"To," in ji mai takunkumi.

Ta kuwa riƙa zuwa, kowace safiya kafin ta kama aikinta, da takunkuminta, ba magana. Su biyun suka riƙe wannan wasan tsakani da Allah, ba wadda ta fasa shi. Sau ɗaya Goggo ta kusa. An gama wanki, nas ta kai bakin ƙofa, sai ta ce min, "Ki ce wa yarinyar nan ta riƙa cin abinci. Ta rame." Ban san yadda aka yi ta ga ramar baƙuwa ta cikin takunkumi tana kallon bango ba. Na isar da saƙo. Wannan karon Adda ba ta ce ta ƙoshi ba, ta dai tsaya jim ta fita.

Wata rana da hantsi Goggo ta cika, lokacin da ta saba fito da kujerarta. Da numfashin ya fara sama, Adda ta zare takunkumin ta sunkuya daidai kunnenta tana laƙƙana mata kalmar shahada. Goggo ta karɓa, leɓenta yana bin na Adda har ta gama. Iyakar sanina, ita ce magana ɗaya da ta taɓa amsa mata baki da baki. Allah ya jiƙan Goggo, ya wanke ta fiye da yadda ta wanke na bayinsa, masu ƙafa biyu da masu huɗu, ya sa ta huta.

To wannan ita ce matar da aka ce ta bar ƙafar uwarta ta ruɓe. Masu faɗa sun faɗa sun sha ruwan da ta zuba musu sun tafi.

Auta ta ɓace tun ranar rasuwar, taron ya fi ƙarfinta. Sai bayan sadakar uku, da gida ya fara sarari, ta diro ta katanga, ta rame, kunnenta ɗaya a yage yana mugunya. Ta shiga ɗakin Goggo ta zagaya ta fito, ta sake shiga. Aka fara shawarar inda za a kai ta. Babanmu ya ce shi bai iya kiwon mage ba. Ni maigidana ko hotonta ba ya so. Mai Ƙosai ta ce a bar ta, mage ba ta rasa gida. Adda tana jinmu ba ta sa baki ba, dama ba wanda ya sa ran za ta sa.

Washegari da hantsi na fito daga ɗakin girki da kwanon fura, na tarar da ita a kan kujera 'yar tsugunno a ƙofar ɗakin Goggo. Ta tafasa ruwan gishiri ya huce. Gwangwanin alewa yana buɗe a gabanta. Ta naɗe magen a tsohon zanin Goggo, kai kawai ya leƙo, ta matse ta a cinya tana wanke kunnen, magen tana gurnani. Ta ɗauko mai jan zaren, ta juya shi ta duba ko ya lalace, ta matso ɗan mitsitsi a kan auduga ta shafa. Sannan ta ce in miƙo mata faifan da ke jikin ƙusa.

Na miƙa mata, na ajiye furar a gefe don in riƙe mata magen. Da muka gama ɗaura faifan ta wanke hannu da sabulu. Sai ta jawo kwanon nan, ba tayi na yi mata ba, ta ɗauki ludayin Goggo ta sha. Ta ƙara, ta ƙara, a ƙofar ɗakin da ta shekara da shekaru tana cewa ta ƙoshi. Ta ajiye ludayin ta goge bakinta. Magen tana zaune a gabanta da faifai a wuya tana hararar ta.

Adda ta daɗe tana kallonta. Sannan ta sunkuya, murya ƙasa-ƙasa.

"Auta," ta ce, "ki gaya mata na ci."

A nan kukan ya zo mata. Ban ba ta haƙuri ba, na ja ƙofar tsakar gida na rufe don kada wani ya shigo. Da la'asar ta sa magen a kwando, ta ɗauki gwangwanin ta tafi da su gidanta.